Baba yana tambaya yaushe zan gama karatu, matata kuma ta gaji da jira

Assalamu alaikum Malam. Shekarata 34. Na yi digirin farko a fannin fiziks a gida, na samu tallafi na tafi Italiya, daga can na wuce Jamus na yi digiri na uku. Fannina shi ne fiziks na nazari a kan abubuwa masu laushi, irin su kumfa da danƙo da madara da laka da roba. Ba na shiga ɗakin gwaji, aikina lissafi ne da kwamfuta. Shekara uku da rabi ke nan da na gama, kuma tun daga lokacin ina kan aikin bincike na kwantiragi, wanda muke kira fosdok. Wannan da nake kai shi ne na biyu, saura wata takwas ya ƙare. Na nemi kujerar dindindin a jami'o'i goma sha ɗaya, biyu suka kira ni ganawa, babu wadda ta ɗauke ni.

Yanzu hanya uku ce a gabana. Wata farfesa a Faransa ta ce in je mu yi shekara biyu tare. Wani kamfanin fenti da gam a nan Jamus ya ba ni aiki na dindindin da albashi mai kauri, amma na san idan na shiga na yi sallama da bincike. Tsohon malamina a gida kuma ya ce in dawo, za a nema mini gurbin koyarwa a sashensu.

Malam, na yi aure shekara biyar da suka wuce. Matata tana gidanmu da yara biyu, sau ɗaya nake zuwa a shekara. A watan jiya ta ce mini a waya ita ba ta san ko matar aure ce ita ko mai gadin ɗaki ba. Mahaifina malamin allo ne, ya haura saba'in, duk lokacin da muka gaisa sai ya ce, "To yaushe za ka gama karatun nan?" Na kasa fahimtar da shi cewa na gama, aiki nake yi, kuma na kasa faɗa masa mene ne aikin. Sa'o'ina sun gina gidaje. Ina son wannan ilimi har cikin raina, amma na fara jin kamar son kai ne kawai. Me zan yi?

Ɗanka, daga Jamus

Wa alaikumus salam, ɗana. Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma duk karantawa sai idona ya tsaya a wuri ɗaya, a maganar matarka. Ka sa ta kusa da ƙarshe, bayan farfesa da kamfani da tsohon malami, ni kuwa da ita zan fara, domin a duk mutanen da ka lissafa ita kaɗai ce take biyan kuɗin wannan tafiya taka kullum, daga asuba zuwa dare.

Ba zan ce maka mai son kai ba ne, domin mai son kai ba ya rasa barci a kan irin wannan tambaya. Amma akwai gaskiyar da ya kamata wani ya faɗa maka ba tare da kwana-kwana ba. Shekara biyar mace tana zaune a gidan surukai, ta yi goyo biyu, tana ganin mijinta sau ɗaya a shekara, wannan ya wuce abin da ake ce wa mutum ya yi haƙuri a kai. Ka san labarin Sayyadina Umar da ya ji wata mata tana kukan kewar mijinta da dare, ya je ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon lokacin da mace za ta iya jurewa, daga nan ya ƙayyade wa mayaƙa 'yan watannin da ba za su wuce ba sai sun dawo gida. Waɗannan mutane ne da suke bakin daga. Saboda haka duk hanyar da za ka ɗauka daga cikin ukun nan, sharaɗina na farko shi ne ta zama hanyar da za ku kwana ƙarƙashin rufi ɗaya. Idan Faransa na nufin ƙarin shekara biyu kai kaɗai a ɗaki, ita kuma a tsakar gidanku tana amsa tambayar 'yan uwa, to ban goyi bayanta ba, ko da farfesar ita ce ta fi kowa suna a fannin.

Kuma ka lura, ba ta ce maka ka dawo ba. Ba ta ce ka bar aikin ba. Cewa ta yi ba ta san matsayinta ba. Mai wannan magana so take a sa ta cikin shawara. Ka kira ta a lokacin da yara suka yi barci kuma ba kowa a kusa, ka shimfiɗa mata hanyoyin nan uku yadda ka shimfiɗa mini, da kuɗin kowace da wahalar kowace, sannan ka yi shiru ka saurara. Wataƙila tana son zuwa Turai, wataƙila sanyi da kaɗaici da nisa da mahaifiyarta suna ba ta tsoro. Wataƙila tana da karatu ko sana'ar da ta jingine saboda kai, ba ka taɓa tambaya ba. Ni ban sani ba, kuma daga wasiƙarka na fahimci kai ma ba ka sani ba.

To bari mu zo kan Baba, domin a nan ne nake ganin kana ɗauke da kayan da za a iya sauke maka yau ɗin nan. Ka ce ka kasa faɗa masa mene ne aikinka. Ɗana, mahaifinka ya riga ka shiga wannan fanni da shekara hamsin. Malamin allo ne, ko ba haka ba? To ya san tawada. Ya san idan aka daka gawayi ya yi laushi ko aka kankaro baƙin gindin tukunya aka zuba a ruwa zalla, kafin a jima baƙin ya dunƙule ya kwanta a ƙasan kurtu, ruwa ya taso sama fari, ka tsoma alƙalami ka ɗauko ba komai. Ya san sai an jiƙa ƙaro an haɗa, sannan tawada take zama tawada, ta kwana ta wuni ba ta rabu ba, ta kama allo, ta yi sheƙi idan ta bushe. Ya san idan ƙaron ya yi kaɗan rubutu zai goge a hannun almajiri, idan ya yi yawa kuma tawadar ta yi kauri ta ƙi bin alƙalami. Abin da kai ka ƙara a kan saninsa shi ne dalili: ƙwayoyin gawayin nan suna jan junansu, su manne, su yi nauyi su nutse, shi kuwa ƙaro dogayen zaruruwa ne da ido ba ya gani, suna naɗe kowace ƙwaya kamar gashi, idan biyu suka matso sai gashin ya hana su haɗuwa, ruwan kuma yana ta tunkuɗar su ta kowane gefe ba su samu sun kwanta ba. Wannan tunkuɗar ita ce wadda Robert Brown ya gani a madubin ƙara girma a 1827, Einstein ya yi lissafinta a 1905. Kuma ka fi ni sanin cewa Pierre-Gilles de Gennes, Bafaranshen da ya karɓi kyautar Nobel a 1991 kuma ya yaɗa sunan wannan fanni naku a duniya, idan zai yi wa yaran sakandare bayani da irin wannan misalin yake kama hannunsu: magatakardan Masar ta dā, da baƙin hayaƙi, da ƙaro. Ƙaron da ake tsinkowa daga jikin dakwara a Yobe da Jigawa da Borno da Sudan.

Saboda haka idan ka je gida, kada ka yi masa lacca. Ka zauna a gefen buzunsa ka ce, "Baba, koya mini yadda kake haɗa tawadarka." Ka bar shi ya nuna maka. Sai ka ce masa abin da ake biyan ka ka yi ke nan, kana lissafa yawan ƙaron da zai riƙe gawayi da dalilin da ya sa yake riƙewa, kuma da irin wannan lissafi ake haɗa fenti da magungunan sha da madarar gwangwani. Ina kyautata zaton daga ranar tambayarsa za ta sauya. Ko da yake, in ka duba da kyau, "yaushe za ka gama karatu" a bakin dattijon da ya haura saba'in ba neman bayanin aiki ba ne. Yana tambaya ne ko zai gan ka zaune da iyalinka kafin ya koma ga Allah. Wannan kuwa ba misalin tawada ne zai amsa ta ba, sai rana da wata da za ka ambata masa.

Yanzu ga maganar aikin kansa. Neman wuri goma sha ɗaya a kira ka biyu ba alamar gazawa ba ce. Kujerun dindindin a fiziks na nazari kaɗan ne ƙwarai, farfesa ɗaya kuma yana yaye ɗalibai da yawa a rayuwarsa alhali kujera ɗaya zai bari idan ya yi ritaya. Lissafi ne mai sauƙi, kuma kai ma'abocin lissafi ne. Mafi yawan waɗanda kuka yi digiri tare ba za su zama farfesoshi a Turai ba, kuma ba don sun fi waɗanda suka zama rauni ba. A Jamus ɗin ma akwai dokar 2007 da ta ƙayyade wa jami'a shekara shida na riƙe mai bincike a kan kwantiragi bayan digiri na uku, sai dai idan kuɗin wani aiki ne na musamman daga waje; ita ce ta sa matasan masu bincike a can suka yi ta kuka a 2021. Ka cinye fiye da rabin wannan wa'adi. Ka je ofishin ma'aikata na jami'arku su lissafa maka abin da ya rage maka daidai, kada ka dogara da zancen ɗakin shan kofi.

Abin da nake ji maka tsoro shi ne abin da yake cin mutane da yawa a wannan hanya: kowane kwantiragi yana zuwa da kamannin na ƙarshe. Shekara biyu kawai, daga nan ƙofa za ta buɗe. Sai mutum ya farka yana da shekara arba'in da biyu, 'yarsa ta shiga sakandare, shi kuma yana cike takardar neman wani shekara biyun. Babu ranar da ya zauna ya zaɓi wannan rayuwa, kwantiragi ne suka yi ta zaɓa masa.

Don haka kafin ka amsa wa farfesar Faransa, ka yi abu biyu. Na farko, ka samu manya biyu a fannin da suka san aikinka kuma ba su da wata riba a zamanka, ka tambaye su kai tsaye: da takardun da nake da su yanzu, kuna ganin zan samu kujerar dindindin cikin shekara biyu ko uku? Ka roƙe su su faɗa maka abin da za su faɗa wa ɗan cikinsu. Wanda kake yi wa aiki yanzu ba shi ne mafi dacewa da wannan tambaya ba, domin hannunka yana yi masa amfani. Ka kuma tambayi kanka ko a cikin maƙalolinka akwai wadda tunaninta naka ne tun daga tushe, wadda idan aka ambace ta sunanka ake tunawa kafin na maigidanka, domin ita masu ɗaukar aiki suke nema. Na biyu, ka tambayi ita farfesar a rubuce: albashin zai riƙe mutum huɗu a garin da take? Za ta taimaka da takardun iyali? Faransa tana da izinin zama na masu bincike wanda yake haɗawa da mata da yara, kuma cibiyar bincike ta ƙasar, CNRS, tana buɗe gasar ɗaukar masu bincike na dindindin duk shekara ba tare da duba ɗan wace ƙasa ne mutum ba. Ka tambaye ta ko za ta tsaya maka a wannan gasa, da kuma inda waɗanda suka yi fosdok a hannunta suke a yau. Amsar wannan ta ƙarshe ta fi kowace daɗin baki. Akwai kuma tallafin Marie Curie na Tarayyar Turai, wanda yake da ƙarin kuɗi ga mai iyali, kuma har yanzu shekarunka bayan digiri ba su fitar da kai daga cikinsa ba. Idan duk waɗannan suka yi kyau, matarka kuma ta ce ta yarda, to ka je, amma ku rubuta wa'adi ku biyu: idan shekara biyun nan ta cika babu kujera, an rufe wannan babi, babu na huɗu.

Kamfanin fenti kuwa, ina jin ƙanshin raini a yadda ka ambace shi, kuma ina so ka cire shi daga ranka. Fenti ƙwayoyi ne a cikin ruwa da ake so su kwanta lafiya a bango ba su zubo ba, su bi buroshi ba su yi gardama ba. Gam kuwa de Gennes da kansa ya yi shekaru yana nazarin yadda yake kamawa. Wannan fanni naku tun asali da masana'antu ya tashi, da masu roba da sabulu da abinci. Einstein ma yana ma'aikacin ofishin rajistar ƙirƙira a Bern ya rubuta waccan maƙala ta 1905. Ba zan ruɗe ka ba, a kamfani ba kai za ka zaɓi tambayar da za ka bi ba, wani sakamakon ma ba za a bar ka ka wallafa ba, kuma komawa jami'a bayan shekara huɗu ko biyar yana da wuya. Amma aiki ne na halal da iliminka, zai ba ka damar kawo iyalinka da wuri, ka riƙa zuwa ganin Baba ba sai ka jira shekara ta zagayo ba. Idan ka zaɓe shi babu wanda ka ci amanarsa. Abin da kawai ba ya warwarewa shi ne nisa da dattijon nan, da kuma tambayar inda kake so yaranka su tashi.

Saura komawa gida, kuma a nan zan daɗe, domin ita ce hanyar da mutane suka fi yi wa ƙarya ta fuska biyu. Wasu za su ce maka ka dawo ka gina ƙasa, kamar da kishi ake biyan kuɗin makaranta. Wasu su ce duk wanda ya dawo ya binne kansa. Ga abin da na sani. Za ka tarar da aji na 'yan shekarar farko mai ɗaruruwan ɗalibai, takardun jarrabawa buhu-buhu, kwamiti a kan kwamiti, wuta tana zuwa tana tafiya. Albashin, idan ka juya shi zuwa kuɗin da kake karɓa yanzu, zai sa ka yi shiru na ɗan lokaci. Ka sa tsohon malaminka ya nuna maka takardar albashin mai matsayin da za a ba ka, ka gani da idonka. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, aka kuma riƙe albashi a lokacin. Duk wannan gaskiya ne. Sannan "za a nema maka gurbi" ba takardar ɗaukar aiki ba ce. Malaminka yana nufin alheri, amma ɗaukar ma'aikaci a jami'a ba a hannun mutum ɗaya yake ba. Kada ka saki abin da ke hannunka sai ka ga takarda mai sa hannu da matsayi a rubuce, kuma da yawan maƙalolinka ka nemi a duba ka a matakin da ya fi na sabon dakta.

Amma kana da wata sa'a da abokinka mai ɗakin gwaji ba shi da ita. Shi idan ya dawo yana buƙatar na'urorin miliyoyi da sinadaran da ake shigowa da su da wutar da ba ta yankewa. Kai allo kake buƙata, da kwamfuta mai kyau, da sola da batir, da intanet. Sabbin maƙaloli na fanninku suna fitowa kyauta kusan kowace rana a shafin intanet na arXiv, manhajojin kwaikwayo irin su LAMMPS kyauta ne, manyan lissafai kuma kana iya tura su can wata babbar kwamfuta daga ɗakinka idan aka bar maka ƙofa. Abin da yake kashe masanin nazari a gida ba rashin kaya ba ne, rashin abokin magana ne. Wannan shi ne abin da ya faru da Abdussalam, masanin fiziks ɗan ƙasar Pakistan. Ya gama a Kambirij ya koma Lahor a 1951 da niyyar zama, ya tarar babu wanda zai tattauna da shi, babu mujallu, bayan shekara uku ya tattara ya koma Ingila. Ciwon wannan zaɓi da aka tilasta masa tsakanin ƙasarsa da iliminsa shi ya sa ya kafa cibiyar fiziks na nazari ta Trieste a 1964, wadda nake zaton ka san ta tunda ta Italiya ka bi. Har yau tana da tsarin da malami mai aiki a ƙasarsa zai riƙa zuwa can lokaci-lokaci, a biya masa jirgi da masauki, ya yi makonni cikin 'yan uwansa masana ya koma. Don irinka aka yi shi.

To idan gida ka zaɓa, wata takwas ɗin nan da suka rage maka na gina gada ne. Ka nemi a ba ka matsayin baƙon mai bincike a inda kake yanzu, domin adireshinka da izinin shiga babbar kwamfutarsu su ci gaba da aiki. Ka fara aiki biyu da mutum biyu daban waɗanda sai bayan ka koma za a ƙarasa su, yadda dole a riƙa kiran ka duk mako. Ka rubuta wa cibiyar fiziks ta Kigali a Ruwanda, wadda take da alaƙa da Trieste, da cibiyoyin AIMS na lissafi da ke Afirka ta Kudu da Ghana da Senegal da Kamaru da Ruwanda, waɗanda suke gayyatar malamai su koyar na 'yan makonni; a nan gida kuma akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, duka a Abuja. A irin waɗannan wurare ake samun ɗalibai masu kaifi, kuma ɗalibi ɗaya mai kaifi yana iya zama abokin maganar da ka rasa. Gidauniyar Humboldt ta Jamus tana da tallafin Georg Forster domin masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, wanda kuma ya koma gida ya zauna shi yake da hanyar neman sa. TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu a nan gida, ita ma tana da kuɗin bincike da na halartar taro, ko da yake sai ka koyi haƙurin bin takarda.

Kuma bari in faɗa maka abin da yake sa zuciyata ta karkata nan, ko da yake ba zan ɗora maka ba. Tambayoyin fanninka a zube suke a tsakar gidanku. Kullun koko da matarka take damawa, ka danna shi da ƙarfi ya yi tauri kamar dutse, ka saki ya malale tsakanin yatsu. Yauƙin kuɓewa da na karkashi, da abin da kanwa take yi musu. Nonon da ake kaɗawa a ƙwarya har mai ya ware. Hatsi a rumbu, wanda nauyinsa ba duka yake sauka a ƙasa ba, bango ne yake ɗauke wani kaso, abin da wani injiniyan Jamus mai suna Janssen ya auna tun 1895. Laka da ake cuɗawa da ciyawa a yi tubali. Ƙaron nan da muke sayarwa ɗanye, a kai shi waje a sa a lemon kwalba domin ya hana man ƙanshi rabuwa da ruwa. A Turai kai ɗaya ne daga cikin ɗaruruwa masu bin tambaya guda. A nan kana iya zama wanda ya fara koyar da wannan fanni a sashenku, ka haɗa kai da mutanen kimiyyar abinci da na harhaɗa magunguna, su auna kai ka yi lissafi. Sunanka ba lallai ya yi tashe a manyan taruka ba, yawan maƙalolinka zai ragu, wannan kada ka yi shakka. Sai ka tambayi kanka da gaske wanne kake so, ilimin ko kujerar Turai, domin shekarun nan sun cuɗa maka su har kana ganin abu ɗaya ne.

Idan ka matsa mini sai na jera, zan ce: Faransa kai kaɗai, a'a. Faransa da iyali da wa'adi a rubuce, idan manyan nan biyu suka ce kana da dama ta gaske, e. Idan suka yi ta kame-kame, ka fahimci amsarsu, sai zaɓi ya koma tsakanin kamfani da gida, kuma a nan muryar matarka da lafiyar Baba su ne za su fi nauyi. Akwai ma wanda yake haɗawa, ya yi shekara biyu ko uku a kamfani da iyalinsa a gefensa, ya tara abin da zai gina gida ya sa sola, sannan ya dawo koyarwa ba da hannu wofi ba, ko da yake mai yin haka sai ya riƙe wata ƙaramar tambaya yana taɓawa a ƙarshen mako don kada hannu ya mutu. Batun sa'o'inka da suka gina gidaje kuwa, ka bar shi, ba shi cikin abin da za a auna.

Ka yi istihara, amma bayan ka tattara amsoshin nan, ba kafin ba. Ka roƙi kamfanin da farfesar su ba ka wata guda, abu ne da aka saba nema kuma ba ya zubar da mutunci. A cikin watan nan ka ɗauki hutu ka zo gida ko na kwana goma ne, kada ka jira zagayowar shekara. Maganar da za ku yi da matarka ta fi ƙarfin waya, kuma ka fitar da ita daga gidan ku yi ta a inda za ta iya yin kuka ba a ji ba. Ka taho wa Baba da ƙaro mai kyau daga kasuwa, ka ce masa kana son ganin yadda yake jiƙa shi. Allah ya ƙara masa lafiya, ya zaɓa muku mafi alheri. Ka rubuto mini abin da ta ce.